Gani Ya Kori Ji: Motar Lantarki, Finafinai da Amanar Tarihi

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai-kawo a tsakanin marubuta, tun kafin kaset ɗin bidiyo ya shigo ɗakunanmu, kuma har yau ba a kai ƙarshenta ba. Tambayar ita ce, idan marubuci ya ɗauko mutanen da suka taɓa rayuwa a doron ƙasa, da garuruwan da har gobe ana kwana ana tashi a cikinsu, ya zuba su cikin ƙagaggen labari ko fim, ina ne iyakar 'yancinsa na ƙari da ragi? Wasu daga cikinmu suna ganin alƙalamin marubuci ba ya da linzami, duk abin da zai ƙara wa labari armashi ya halatta. Wasu kuwa suna ganin duk wanda ya taɓa tarihi ya ɗauki amana, in ya sauya ko da wasali ɗaya ne to ya ci amanar nan. A wannan maƙala muna so mu shiga maganar ta wata ƙofa da ba a saba bi ba, wato ta kan motar lantarki, domin kuwa tarihin wannan mota yana ɗauke da darasin da ya shafi kowane mai riƙe da alƙalami.

Bari mu ƙaddara wani ɗan'uwa marubuci ya tsara fim a kan abubuwan da suka faru a watan Afrilu na 1899. A fitowa ta farko ga mutanen Lugu, can kusa da Dogon Dutsi a ƙasar Nijar ta yau, riƙe da kwari da baka suna fuskantar rundunar Faransa wadda Voulet da Chanoine ke jagoranta. A fitowa ta biyu sai ga wani Bature a wajen birnin Faris cikin mota mai aiki da batir, babu hayaƙi babu ƙugin inji, tana sheƙa gudun da ya haura kilomita 100 a awa guda. Idan aka nuna wannan fim a gidan kallo a Kamazou, ko shakka babu za a fashe da dariya, a ce darakta ya yi katoɓara, ya jefa motar jikoki cikin zamanin kakanni. Alhali kuwa darakta bai yi ƙarya ba. A watan nan guda aka gwabza a Lugu, a cikinsa kuma wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya zama mutum na farko da ya wuce kilomita 100 a awa a cikin mota, motar kuwa ta lantarki ce.

Gaskiyar da ta yi kama da ƙarya

Me ya sa mai kallo zai ƙaryata abin da ya tabbata? Amsar tana nan a kewaye da mu. Mutumin Kamazou ya tashi ne a tsakanin manyan alamomi biyu na zamanin fetur. Ga matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 a maƙwabtansa, ga kuma kamfanin haɗa motocin Peugeot, waɗanda muke kira Fijo, da ya fara aiki a Kakuri a 1975. Wanda ya buɗe ido ya ga tankoki suna jerin gwano a kan hanyar Kachiya, ya ga 504 tana fitowa sabuwa fil daga Kakuri, ba abin mamaki ba ne in ya ɗauka cewa mota da fetur tagwaye ne, tare aka haife su.

Amma ba haka abin yake ba. A 1897 akwai motocin haya masu aiki da batir a titunan Landan da na New York. Zuwa 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin da ke yawo a Amurka na lantarki ne, sauran kuwa wasu na tururi wasu na fetur. A lokacin motar fetur ita ce abin gudu, saboda ƙara da wari, ga kuma wahalar tayar da ita, don sai an murɗa wani hannun ƙarfe a gabanta, in ya ƙwace ya karya wa mutum hannu. Ita kanta Clara, matar Henry Ford, motar lantarki ƙirar Detroit Electric take hawa. Abin da ya juya al'amarin abubuwa ne sanannu. An sami rijiyoyin mai masu yawa a jihar Texas daga 1901, fetur ya yi araha. Ford ya fito da Model T a 1908, yana ƙera ta da yawa yana rage mata kuɗi har talaka ya iya saye. A 1912 aka sa wa motar Cadillac na'urar tayar da inji da lantarki, wadda makanikanmu ke kira kik, aka huta da murɗa ƙarfe. Batirin wancan zamani kuwa na dalma ne, ga nauyi ga saurin ƙarewa, ƙauyukan Amurka kuma ba su da wutar da za a yi caji. Kafin 1935 motar lantarki ta ɓace daga titi, ta kuma ɓace daga zukatan mutane.

Darasin da ke nan shi ne, ma'aunin da mai kallo ke auna gaskiyar fim da shi ba ilmi ba ne, sabo ne. Abin da ya saba gani shi yake kira gaskiya, abin da bai saba ba ya kira shi kuskure. Idan kuwa haka ne, to akasin haka ma yana yiwuwa, wato a shirya ƙarya tsagwaronta, a yi mata ado da abin da ido ya saba, mai kallo ya karɓe ta hannu bibbiyu a matsayin tarihin kakanninsa. Saboda haka marubuci ba zai fake da cewa ai 'yan kallo ba su yi ƙorafi ba. Shirun wanda bai sani ba ba ya zama shaida.

Gani ya kori ji

Magabata sun ce gani ya kori ji, kuma sun faɗi haka ne don yabon gani. To amma a zamanin fim maganar ta sami wata fuska mai ban tsoro, domin abin da aka gani a allo yana korar abin da aka ji daga bakin tsofaffi, yana kuma korar abin da aka karanta. Littafin tarihi yana iya cewa an ce kaza, wasu kuma sun ce kaza. Kyamara ba ta san an ce ba. Tilas ta ba jaruma fuska guda, ta sa mata tufafi iri guda, ta sa ta yi magana da harshe guda, daga ranar nan kuwa yaron da ya kalla ya gama yanke hukunci.

Mu ɗauki Amina ta Zazzau, wadda makarantar 'yan mata da ke Kakuri ke ɗauke da sunanta. Abin da rubutattun madogarai suka adana game da ita kaɗan ne. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, ya ce yaƙe-yaƙenta sun kai Kwararrafa da Nufe, ta shekara 34 tana yi, har Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a cikin Infaƙul Maisuri. Wasu ruwayoyin kuwa sun ce ita 'yar Bakwa Turunku ce, suka sa ta a ƙarni na 16. Tsakanin waɗannan ruwayoyi akwai ratar da ta haura shekara ɗari. Hoton da muka saba gani nata, tana riƙe da takobi, zane ne na ƙarni na 20.

A cikin wannan sarari ne fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya sauka, wanda Netflix ya fitar a watan Nuwamba na 2021, Lucy Ameh ta fito a matsayin Amina, Ali Nuhu kuma yana cikin manyan 'yan wasan. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a gasar AMVCA ta 2022, amma a Arewa ya sha suka, musamman a kan harshe, domin da Ingilishi aka yi mafi yawansa, da kuma sutura da al'adun fada waɗanda masu suka suka ce ba na Zazzau ba ne. Ba muna nan don mu sake yi wa fim ɗin shari'a ba ne. Abin lura shi ne, mutanen da suka kalle shi a ƙasashen duniya sun ninka waɗanda za su taɓa buɗe Tarihin Kano ninkin-ba-ninkin, kuma a wurinsu Aminar allo ita ce Amina.

Haka abin ya kasance da Sarauniyar Lugu. Rahotannin sojan Faransa sun ambace ta a taƙaice, da kalmomin raini. Sarautar kanta ta addinin gargajiya ce ta Azna, wadda ake gada. Sai Abdoulaye Mamani ya rubuta ƙagaggen labarinsa a kanta a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. Daga nan ne Sarauniya ta zama matashiyar jaruma mai jan daga, wadda yaran makaranta a Nijar suka sani, har gidan rediyo da talabijin a Yamai ya ɗauki sunanta. Wato littafi ɗaya da fim ɗaya sun gina wa ƙasa sukutum abin tunawa. Wannan ƙarfi ne babba, mai ƙarfi kuwa shi ake tambaya yadda ya yi da ƙarfinsa.

Hujjar masu cewa fasaha daban, tarihi daban

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa marubuci ba malamin tarihi ba ne. Idan aka ce kada a rubuta sai abin da takarda ta tabbatar, to ba za a taɓa yin fim a kan Amina ba, tunda ba wanda ya adana ko jimla ɗaya daga bakinta. Suna ƙarawa da cewa, su waye suka rubuta takardun? Ashe ba masu nasara ba ne? Da Mamani ya tsaya a kan rahoton Voulet kaɗai, da har yau Sarauniya tana nan a matsayin da maƙiyinta ya ajiye ta. Wani lokaci ƙagaggen labari ne kaɗai ke iya mayar wa wanda aka zalunta muryarsa.

Mun yarda da wannan, kuma adabinmu ma ya yarda da shi tun fil azal. Sai dai Bahaushe ya yi wa ƙirƙira ƙofa da kyaure. Mai tatsuniya yakan buɗe da ga ta nan ga ta nanku, ya rufe da ƙurunƙus, har ya shaida wa yara cewa ƙarya ya yi musu, ya ɗora wa gizo alhakin. Da jin wannan mabuɗi kowa ya san ƙasar da aka shiga, ba mai zuwa neman kabarin Ƙoƙi. Idan kuwa tsoho ya gyara zama ya ce a zamanin Sarki wane, to an shiga wata ƙasa daban, a nan ana iya tsayar da shi a ce ba haka muka ji ba. Ashe ke nan tun asali akwai alkawari tsakanin mai ba da labari da mai sauraro, kuma laifi ba ya cikin ƙirƙira, yana cikin saɓa alkawarin, wato a buɗe da a zamanin Sarki wane, sannan a zuba tatsuniya.

Marubutanmu na farko, waɗanda suka shiga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, sun nuna mana hanyoyi biyu masu kyau. Bello Kagara a cikin Ganɗoki ya fara da abin da ya faru, wato yaƙin Turawa da Sarkin Sudan Ibrahim na Kwantagora da abin da ya biyo baya, sannan ya ɗauki jaruminsa ya kai shi ƙasar aljannu. Babu mai karatun da zai rikice, domin kan iyakar a bayyane take, kowa ya ga inda aka tsallaka. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa a cikin Shaihu Umar ya ƙagi mutumin da bai taɓa rayuwa ba, amma ya sa shi cikin duniyar da ta tabbata, duniyar harin bayi da ayarin da ke ratsa hamada ta Murzuk. Mutumin ƙage ne, zamaninsa gaskiya ne. Shi ya sa fim ɗin da Adamu Halilu ya yi daga littafin a 1976, wanda aka gyara aka sake nunawa a bikin finafinai na Balin a 2018, bai tsufa ba.

Daga nan muna iya rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa. Akwai cike giɓi, wato inda tarihi ya yi shiru marubuci ya yi magana da abin da zai iya yiwuwa a wancan zamani, wannan kuwa shi ne ainihin sana'armu. Akwai taƙaitawa, kamar a haɗe yaƙe-yaƙe uku su zama ɗaya don fim ba ya wuce awa biyu, wannan ana iya yi in an sanar da mai kallo. Sai na uku, wato a juya abin da aka sani, a ɗora wa wani mutum ko wata al'umma laifin da ba su yi ba, ko a wanke su daga wanda suka yi. Wannan na ukun ne muke kira cin amana, ko da fim ɗin ya yi kyau kamar me.

Su wa ke bin mu bashi?

Idan aka ce amana, to akwai mai ita. Na farko su ne matattu. Rayayye in an yi masa ƙazafi yana iya zuwa kotu, ko ya rubuta martani a jarida. Mamaci ba ya da baki, wanda kuwa ba ya iya kare kansa shi ya fi cancantar a ji tsoron Allah a kansa. Akwai wani gwaji mai sauƙi da marubuci zai iya yi wa kansa. Ya ƙaddara wanda yake ba da labarinsa yana zaune a cikin 'yan kallo. Ba lallai ne ya ji daɗin abin da ya gani ba, amma zai gane kansa da zamaninsa?

Na biyu su ne rayayyu, kuma a nan ne maganar ta fi kusa da mu mazauna Kaduna. Ƙasar Chikun, inda Kamazou take, ƙasar Gbagyi ce tun kafin Turawa su mayar da Kaduna hedikwatar Arewa a 1917. Mun ga yadda gardama a kan kasuwa da ƙasa da tarihin wane ne ya riga wane ta zama jini a Zangon Kataf a 1992, wutar ta iso har cikin garin nan. Mun ga rikicin watan Fabrairu na 2000 da na Nuwamba na 2002, waɗanda bayansu kogin Kaduna ya zama kamar kan iyaka, wasu suka kwashe kayansu suka yi kudu, wasu suka yi arewa, unguwanni irin su Kamazou suka cika suka batse da waɗanda suka baro gidajensu. Yaran da aka haifa bayan haka yanzu magidanta ne, kuma kowane ɓangare labarin gawarwakinsa kaɗai ya gada. Ranar da ɗayanmu zai rubuta fim a kan waɗannan shekaru tana nan tafe. Idan ya nuna ɓangare ɗaya duk mala'iku, ɗayan duk shaiɗanu, zai sami kasuwa a rabin gari, amma ya zuba fetur a kan garwashin da toka ta rufe. Magana zarar bunu ce, balle hoto mai motsi da ke yawo a wayar kowane yaro.

Na uku su ne waɗanda ba a haifa ba tukuna, waɗanda za su gaji abin da muka bari, ba su da hanyar tantancewa sai ta hannunmu.

Sai dai kada a fahimci cewa riƙon amana yana nufin faranta wa jikokin wanda ake labarinsa. Sau da yawa ma akasin haka ne. Fim ɗin The Woman King na 2022, a kan mayaƙa mata na daular Dahomey a zamanin Sarki Ghezo, ya sha suka ne saboda ya sassauta hannun da daular ke da shi a cinikin bayi, don jarumai su fito fes. Irin wannan jarrabawa tana jiran mu a gida. Bauta ta kasance cikin tsarin rayuwar ƙasar Hausa, ba a kuma soke ta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Mai rubuta fim a kan kowace daula tamu ta ƙarni na 19 zai so ya nuna malamai da mahaya da algaita, ya kau da kyamara daga rinji da kasuwar bayi. Laifi tudu ne. Ba daidai ba ne mu tuhumi baƙo da ya ɓata rawanin Zazzau, sannan mu mu goge bawa daga tarihinmu. Tafawa Ɓalewa bai goge shi ba, kuma bai rage wa ƙasarsa daraja da haka ba.

Ƙarin gishiri a yabo ma reshe ne na wannan cuta. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da aka haifa a nan Kaduna a 1966, shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007, daga baya ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023, a zamaninsa ne aka ƙaddamar da Hyundai Kona ta lantarki da aka haɗa a Legas, aka kuma buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Wannan abin alfahari ne da ya ishe mu. Amma in wani ya zo yin fim a kansa, zuciya za ta raya masa ya ce ɗanmu ne ya ƙirƙiro motar lantarki. In ya bi ta, ya zalunci waɗanda suka riga shi da fiye da shekara ɗari, ya kuma jefa shi kansa gwanin cikin abin kunyar da bai nema ba, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Agogon hannu da agogon zuciya

Akwai wasu abubuwa biyu da ya kamata mai koyon rubutu ya kiyaye. Na farko, mutum yana iya faɗin gaskiya zalla amma ya karkatar da mai kallo ta hanyar abin da ya zaɓa da abin da ya bari. Motar lantarki ta sake ba mu misali. Tsakanin 1996 da 1999 General Motors ya ƙera motar EV1 guda dubu da 'yan kai, ya bayar da su haya, daga baya ya karɓe su ya murƙushe mafi yawansu. A 2006 Chris Paine ya yi fim na gaskiya mai suna Who Killed the Electric Car, ya tsara shi kamar shari'ar kisan kai, ya kama kamfanonin mai da na motoci da gwamnati da masu saye da laifi, ya wanke batir. Kamfanin kuwa ya ce masu saye ne suka yi kaɗan, kuɗin da aka kashe ya yi yawa. Hotunan motocin da aka murƙushe na gaske ne, ba wanda ya ƙage su. Amma da zarar an tsara labari a kan wa ya yi kisa, to an riga an yanke cewa kisa aka yi, ba ajali ba ne. Tsarin labari kansa hukunci ne, marubuci kuwa shi ne alƙalin, ko ya sani ko bai sani ba.

Na biyu, 'yan kallo sun iya kama ɗan wasan da ya manta agogo a hannunsa yana taka rawar dogarin ƙarni na 16, ko turken wutar lantarki da ya leƙo a bayan ganuwa. Waɗannan kurakurai ne na sakaci, dariya ake yi a wuce. Wanda ya fi su haɗari shi ne agogon da ke cikin zuciya, wato a sa wa mutumin da tunanin mutumin yau. Sai ka ga gimbiyar ƙarni na 16 tana magana kamar mai jawabi a taron ƙungiya, ko a ga basarake yana soyayya irin ta finafinan Indiya. Tufafin sun dace, dawakin sun dace, amma mutanen cikin rigunan maƙwabtanmu ne na yau. Wanda ya yi haka ya hana mu babbar fa'idar tarihi, wato mu haɗu da mutanen da suke kakanninmu amma suna kallon duniya da wani ido daban, mu gane cewa abin da muke ɗauka dawwamamme jiya-jiya ya zo. Fetur ma da muke gani kamar tare aka halicce shi da mota, ga shi tun da aka janye tallafinsa a watan Mayu na 2023 mutane suke waiwayar batir, har a Maiduguri matasa suna cire injin ƙananan bas-bas suna mayar da su na lantarki.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, ba muna kira ne a ajiye alƙalami a bar tarihi ga malaman jami'a ba. Muna kira ne a shige shi da ladabi, kamar mai shiga gidan da ba nasa ba. Mu da ke Kaduna ba mu da uzuri, domin ga Gidan Arewa, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 a tsohon gidan Sardauna, ga kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, duk kuɗin mota ɗaya ne daga Kamazou. Ga dattawan Gbagyi da na Hausawa da na Bajju da na Atyap, waɗanda kowace shekara suke raguwa, kowane ɗaya kuwa yana tafiya da abin da ba a rubuta ba. A ji daga bakin fiye da mutum ɗaya, a ji har daga wanda ba a so. Inda ruwayoyi suka saɓa, a zaɓi ɗaya, a kuma faɗa wa mai karatu a farkon littafi ko a ƙarshen fim cewa zaɓa aka yi. Inda aka ƙagi mutum, a ba shi sunan da ba na kowa ba, kamar yadda aka yi wa Shaihu Umar. Idan kuwa labarin da ke cin ran marubuci ba zai yi daɗi ba sai an karya abin da aka sani, to ƙofar tatsuniya a buɗe take, ya sauya sunan gari da na sarki, ya yi yadda ya ga dama, ba mai tuhumarsa.

Idan kuma bincike ya kai mu ga gaskiyar da mai kallo zai yi wa dariya, irin motar Jenatzy a shekarar yaƙin Lugu, kada mu cire ta don tsoron dariyar. Aikinmu ne mu shirya mata wuri a cikin labari har mai kallo ya yarda da ita, ya tashi ya san abin da bai sani ba. Sauƙi ne a ba mutane abin da suka saba, amma marubucin da ya san darajar alƙalaminsa ba don sauƙi ya ɗauke shi ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda suka riga mu, ya sa waɗanda za su zo bayanmu su riƙe tamu.